Ranar da Waziri ya tuɓe rawani a burtali

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Waziri Ɗahiru, kuma ina faɗa da babbar murya, daga Tsafe har Bungudu babu wanda ya gaji dabararsa kamar ni. Taubashina ne, tare muka tashi. Ko tari ya yi na san abin da yake nufi. Har nakan gaya wa mutane rabin shawarar da yake ba Sarki a zaurena aka dafa ta, shi dai ɗauka kawai yake yi ya kai fada da zafinta.

Ba ɗan sarauta ba ne. Gidansu gidan malamai ne tun kaka da kakanni. Ya yi karatu a zaurukan Gusau, ya dawo garinmu Sarki ya jawo shi fada, yana yi masa addu'a, yana gaya masa abin da fadawa ke tsoron faɗa. Da tsohon Waziri ya rasu aka naɗa shi, 'yan gidan sarauta suka yi ta guna-guni wai an ɗora allo bisa karaga.

Abin da ya sa nake tuna shi bana, burtali ne, hanyar nan da aka bar wa shanu tsakanin gonaki. Wata kaka manoma suka cinye rabinta da dawa. Fulani suka taso daga wajen Bungudu tun ba a yi shelar sakin gona ba, shanu suka rasa hanya, suka faɗa gonar wani Alhaji. Aka fasa wa makiyayi kai. Sarki ya fusata, ya ce a tashi rugar gaba ɗaya. Waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, hanyarsu muka toshe." Sarki ya juya masa ƙeya.

Da hantsi na goya shi a babur zuwa wurin. Manoma ta nan da gatura da barandami, Fulani ta can da sanduna da kibau, tsakaninsu bai fi jifa ba. Ban ji tsoro ba, bayan babur kawai na laɓe don in tsare shi. Waziri ya sauka, ya shiga tsakiya, ya kama rawaninsa ya fara warwarewa. Wanda ya san fada ya san mai sarauta ba ya tuɓe rawani gaban jama'a sai in an tuɓe shi. Ya shimfiɗa shi ƙasa, ya gitta burtalin, ya tsaya da furfura a rana.

Ya ce, "Wanda duk ke son jini, shi fara taka wanga."

Wani saurayi ya ɗaga ƙafa. Na ga yatsunsa bisa bakin ƙyallen. Ubansa ya fizgo shi ta wuyan riga. Can Ardo Jae, shugaban rugar, ya jingine sandarsa ya zauna ƙasa. Manoma ma suka zauna ɗaya bayan ɗaya. Waziri bai mayar da rawanin ba, a hannu ya kai shi fada ya ajiye gaban Sarki, ya ce in rugar za ta tashi, to ga kayansa. Sarki ya ce dogari ya naɗa masa abinsa, rugar kuma ta zauna inda take.

Yau an ba mu jiha, Gusau ta cika da masu ba da shawara, kowa da mota da babbar riga mai sitaci. Ina tambayar kaina, da Waziri zai leƙo, wa zai gani a cikinsu da zai iya ajiye kujerarsa ƙasa don kada a zubar da jinin wanda ba ɗan'uwansa ba? Ni dai ban gan shi ba tukuna. Burtalin nan kuwa ya sake tsukewa, akuya ma sai ta karkace take wucewa. Bai bar gida mai bene ba, bai bar gona ba. Abin da ya bari shi ne mutanen da suka tsufa da ransu, su da waɗanda suka so kashewa, suna haɗuwa a kasuwar Tsafe suna ciniki.

Makon jiya aka sake yin cirko-cirko a burtalin nan, 'ya'yan wancan taron ne, gaturan ma ina jin su ne. Na ce yau ranar magaji ce. Na kutsa tsakiya da tumbina, na cire hulata na dangwara ƙasa, na daka tsawa na ce wanda ya isa ya taka. Babu wanda ya ko dubi ƙasa. Wani ya matso, gatarinsa na wulgawa kusa da kunnena. Sai ga Ardo Jae, ya tsufa tukuf, yana dogara sanda. Shi da limamin gari suka lallashi samarin aka ɗaga maganar zuwa Juma'a, kuma har yanzu da nake rubutun nan ba a san yadda za ta kaya ba. Da zai wuce ya sa bakin sanda ya ɗago hular, ya miƙo mini.

Ya ce, "Malam Mamman, rufe sanƙonka kar rana ta yi maka illa. Mu ba ƙyalle muka ji kunya ba ran nan, mai shi muka ji."