Hannun da Jusoh Bai Gani Ba

Idan ka tambayi mutanen Kuala Rebak wane ne Jusoh, za su ce maka ai shi ne wanda Allah ya ba idon shaho ya hana shi tsoka. Siriri ne kamar sandar fatsa, rana ta ƙona shi ƙurmus, ga baki kamar reza. Tun yana saurayi yake aiki a jiragen da ke fita da baƙi masu sha'awar kamun kifi, har furfura ta cim masa bai mallaki ko allon jirgi ɗaya ba. Shi ne mai ɗaura ƙugiya, shi ne mai dafa kofi, shi ne mai wanke aman baƙi yana gaya musu ko shi ma haka ya fara, alhali ƙarya yake yi. Babban aikinsa kuwa tsayuwa a goshin jirgi yana duban tsuntsaye. Inda suka taru suna faɗawa ruwa, nan ake samun layaran, dogon kifin nan mai baki kamar mashi, wanda mutane ke tsallako ƙasashe don su ja shi, su ɗauki hoto, a sake shi ya tafi.

Jirgin na Embong ne, ƙanen matarsa Selamah. Jusoh yakan ce da hannunsa ya share wa Embong majina, yau ga shi yaron yana zaune a inuwa yana ba shi umarni. Embong kuma yakan ce in ba don Yayarsa ba, da tuni ya maƙala shi a ƙugiya, sai dai ba kifin da zai yarda ya ci ƙashi zalla. Haka suke tun safe har su dawo, baƙi na dariya ko ba su ji me ake cewa ba.

Sha'anin tukuici a gadar katakon da jiragenmu ke tsayawa ba ya son surutu. Ba a roƙo, ba a tuni, ba a buɗe abin a gaban mai bayarwa. Baƙo zai naɗe abin da ya sawwaƙa a tafinsa, ya miƙo hannu kamar mai sallama, ma'aikaci ya karɓa da hannu biyu ya taɓa ƙirji. Wanda kuwa ya zagi ma'aikaci, ko ya kashe layaran da ganganci, ba mai yi masa faɗa. Sai dai a mayar da hannu baya, a bar nasa a miƙe. Ma'anar ita ce kada ka dawo, kuma daga ranar babu jirgin da zai ɗauke shi a gadar nan. Jusoh bai taɓa yi wa kowa haka ba. Yakan ce talaucinsa ya fi zuciyarsa girma.

Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne idon nan da ake yabo ya soma tsukewa. Ya saci jiki ya je asibiti a Kuantan, ya ce wa Selamah kayan inji zai sayo. Likita ta ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ya tafi, maganin ɗigawa zai rage wa sauran gudu ne kawai. Ciwon kuma ɗan rainin wayo ne, ta gefe yake ci. Jusoh na hango tsuntsu a ƙarshen teku kamar da, amma kamar mai leƙe ta ramin gora: abin da ke gefensa ko gindin ƙafarsa babu shi. Ya yi ta tuntuɓe da igiya yana zagin Embong da ƙazanta. Ya sani sarai ranar da maganar ta fito, ranar zai sauka daga jirgi, don ba mai barin wanda ba ya ganin ƙafarsa a tsakanin ƙugiyoyi da igiyar anga. Shi kuwa a tudu bai iya komai ba, ko zama.

Cikin baƙin Embong babu kamar Tauke Teo, wato attajiri Teo, wani tsoho mai sayar da tayoyin mota a Singapore. Duk shekara in layaran sun shigo sai ya zo da matarsa, ita tana zaune tana ɓare 'ya'yan itacen rambutan tana kushe yadda yake riƙe sanda. A wannan shekarar ya sauko daga mota shi kaɗai, wando na yi masa yawa.

"Soh, har yanzu ba ka mutu ba?"

"Ina jira ka fara, Tauke, ka aiko mini ko hanyar na da kyau."

Tsohon ya yi murmushi bai rama ba. Sai da suka kwance igiya Embong ya raɗa wa Jusoh cewa matar ce ta rasu bayan sabuwar shekararsu. Jusoh ya ji kamar ya haɗiye harshensa.

Da hantsi ya hango tsuntsaye, kafin azahar wani ƙaton layaran ya kama. Mai ƙarfi kan gama da irinsa da wuri, don kada kifin ya galabaita. Tauke Teo ba shi da wannan ƙarfin yanzu, kuma ya ƙi a karɓar masa. Ya yi ta ja yana haki, kifin na tsalle, har tsallen ya ƙare. Da aka kawo shi gefen jirgi Jusoh ya ce a sake shi a ruwa, ya gaji. Tsohon ya roƙa a ɗago masa shi ya rungume, ya ce wa ya san ko zai ga wata shekara. Jusoh ya tuna ɓaran-ɓaramar da ya yi da safe, ya ɗago.

Da aka mayar da kifin ruwa, Jusoh ya duƙa ya riƙe bakinsa, Embong na tuƙa jirgin a hankali don ruwa ya ratsa shi ya farfaɗo. Jusoh ya daɗe a duƙe yana lallashinsa kamar jariri. Shuɗin jikin kifin ya dushe. Da ya saki, kifin ya juya ciki sama, ya yi ƙasa.

A gada, sauran jirage sun dawo, mutane cike. Ƙugun Jusoh na ciwo saboda duƙon, ya dafe shi da hannu biyu ta baya. Tauke Teo ya zo gabansa kai a sunkuye, ya kira sunansa. Jusoh ya zuba wa fuskar tsohon ido, tausayi ya kama shi. Sai ya ce Allah ya kiyaye hanya. Ya ga tsohon ya juya ya tafi. A ransa ya ce yau babu tukuici ke nan, kuma bai ga laifinsa ba.

A rumfar kofi ya tarar an ja masa kujera. Wani ya biya masa kofi, wani ya dafa kafaɗarsa ya ce ashe akwai sauran maza a gadar nan, masu kuɗi sun ga iyakarsu. Jusoh na ta raha yana karɓar yabo bai san na mene ne ba, sai ga Embong ido jajir.

"Yaya, mutumin da ya rasa matarsa, shi za ka bari da hannu a miƙe kamar mai bara? Kai fa ka ɗago kifin nan."

Jusoh ya ajiye kofin. Ashe tsohon, don kunya, ƙasa-ƙasa ya miƙo hannun, daidai inda idon ba ya kaiwa.

Yanzu abu ya rage nasa. In ya yi shiru, ya zama gwarzo, Embong zai yi fushinsa ya huce, aiki na nan. Tsohon kuma zai koma gidan da babu kowa, da sanin cewa an kore shi daga teku. Jusoh ya juya maganar ta kowace fuska yana neman ƙaryar da za ta fisshe su duka biyu. Shi da bai taɓa rasa ƙarya ba, ranar ya rasa.

Da safe ya ce Embong ya kai shi masaukin baƙi a babur. Sun tarar da Tauke Teo yana saka sandunansa a mota, ya ƙi haɗa ido da su. Jusoh ya roƙe shi ya biyo su gada, ya ce abin da aka yi a gaban mutane a gabansu ake warware shi. Da ƙyar ya yarda.

Jirage ba su fita ba tukuna. Jusoh ya tsaya inda ya tsaya jiya, ya dubi fuskar tsohon.

"Tauke, miƙo hannunka yadda ka yi jiya."

Jusoh ya jira.

"Ka miƙo?"

"Tun ɗazu, Soh."

"To ka gani. Ni ban gan shi ba. Jiya ma ban gan shi ba."

Ya lalubo hannun a iska, ya same shi, ya riƙe da hannu biyu, ya taɓa ƙirji. Sannan ya gaya wa duk gadar abin da likita ta ce, ya ƙara da cewa wanda ya biya masa kofi jiya ya zo ya karɓi abinsa, gwarzon jabu ya saya. Ba wanda ya yi dariya. Tauke Teo ya ce zai kai shi wurin manyan likitoci a ƙasarsu. Jusoh ya gode, ya ce ba taya ba ce da za a yi wa faci.

A hanyar gida Embong ya tsayar da babur a gindin wata kwakwa, bai waiwayo ba. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya ce akwai aikin ƙanƙara a gada, akwai gyaran taru, ba za a rasa abin yi ba.

"In ka faɗa ruwa, Yaya, me zan gaya wa Yaya Selamah?"

"Ka ce mata ta huta."

Embong ya kifa kai a kan babur, kafaɗunsa na motsi. Jusoh ne ya koma ba shi haƙuri.

Selamah ba ta yi mamaki ba. Ta ce yana tsammanin tulu da turmi da kansu suka koma jikin bango? Ta fi shekara tana kawar masa da kaya daga hanya, tana jira ya faɗa da bakinsa.

Washegari bayan asuba ya sa rigar aiki, ya ɗaura tawul a ka, sai da ya kai bakin ƙofa ya tuna. Ya zauna a matakala. Selamah ta kawo kofi ta sa masa a hannu, ta zauna daidai gabansa inda zai gan ta. Daga bakin kogi injuna suka soma tashi ɗaya bayan ɗaya. Ya kasa kunne har ya ware na Embong, ya bi shi da ji har ya fita teku.

"Yaron nan bai duba man inji ba," ya ce.

Kofin ya huce a hannunsa bai sha ba.