Yadda Na Raka Akuyata Gidan Wani

Muna idar da sallar asuba muka tashi daga Yammedi, ni da kakana da wata jar akuya. Ya yi alkawarin ba da ita ga jikan da gyaɗarsa ta fi kyau bana, kuma mu biyu ne ke takara, ni da ɗan kawuna na Beli. A raina akuyar tawa ce, yawon buɗe ido kawai na kai ta.

Daga Karaye zuwa Rogo ramuka suka girgiza mu har hanjina ya sauya wurin zama. A tasha muka sayi ƙosai, wanda sai ka ƙura ido sosai kafin ka gan shi a tafin hannu.

Da na ga gonar ɗan kawun nawa sai dariya ta kama ni. Ciyawa a kan iyaka, ramin tunku a gefe, ga wata tsohuwar tsamiya da mujiya ta mayar gidan gado. Ni kuwa tawa na share ta tas. Mujiyarmu na kore ta da danƙo, tunda an ce kukanta ba alheri ba ne. Na kashe maciji, na bar kyanwa ɗaya tana gadi. Ana tsakiyar damina ta haihu, ta tafi jego, ɓeraye suka yi walima.

Sai ɗan kawun nawa ya tuge gindin gyaɗa ɗaya. 'Ya'yan da suka biyo shi sun fi abin da na samu a kunya guda.

Kakanmu ya ce, "Kai ja'iri, wane magani ka sa wa ɓera?"

Ya ce, "Ba ko ɗaya, Kaka. Shirwa na kamawa, mujiya na kamawa. Da shirwa ta yi ƙaura, tunku da maciji suka ci gaba. In ɗaya ya tafi akwai na bayansa."

Na ce ai ƙazanta ce ta taimake shi. Ba wanda ya kula ni. Ni aka sa na miƙa masa igiyar, akuyar ko waiwayo ba ta yi ba.

Mun dawo gida da la'asar, hannuna wayam. Tafiyar ta koya mini cewa gona tana tsayawa ne da yawan masu cin juna a cikinta, wanda ya rage su ya bar ɗaya, ranar da ɗayan ya gaza ya shiga uku. Baɗi zan yi yadda ya yi, amma ko za a yanka ni ba zan ce a wurinsa na koya ba.