Rezar Malam Ndatsu

In kun taɓa bi ta unguwar Barkin Sale da hantsi, ƙila kun ga wani dattijo a kan benci a ƙofar gida, farcensa tas kamar na ango. Malam Ndatsu ke nan. Shekara talatin ya yi yana koyarwa a wata firamare a Minna, kuma shi ne malamin tsabta.

A zamaninsa, duk ranar Litinin yara kan yi layi, a miƙo hannu, a buɗe baki, a sunkuyar da kai. Mai dogon farce ya sha rula. Wanda aka ga makero a kansa, wato ƙurajen nan masu cin gashi, sai gindin mangwaro. Can Malam zai aske shi ƙwal, ya shafa masa shuɗin magani. Don rigakafi kuma yakan haɗa da masu lafiya ya aske. Da reza ɗaya, jama'a. Sai dai ya goge ta a tsumma ya ce, "Na gaba."

Wata shekara makero ya cinye aji uku kaf. Malam ya duba ya ce wani yaro Ɗayyabu ne ya kawo, tunda a kansa aka fara gani. Ya mayar da shi bayan aji shi kaɗai, ya hana kowa shan ruwa da kofinsa. Yara suka sa masa waƙa. Kafin ƙarshen zango yaron ya daina zuwa.

Sai bayan ya yi ritaya 'yarsa Sa'adiya, wadda ta zama nas, ta ji yana ba da labarin da alfahari. Ta ce, "Baba, reza ɗaya? Ai kai ka raba musu makeron."

Ranar bai iya cin tuwo ba.

Ɗayyabu kuwa yana nan, magidanci ne, yana tuƙa keke Napep, karatu sai na lambar mota. Kullum ya wuce sai ya rage gudu ya gaishe shi. Shekara biyu Malam yana shirya maganar, tana maƙalewa.

Ran nan dai ya tsayar da shi, ya shiga baya ya zauna.

"Ina muka nufa, Malam?"

"Ba ko'ina. Kashe injin." Ya yi gyaran murya. "Makeron nan na aji uku, ba kai ka kawo ba. Rezata ce. Ka yafe mini."

Ɗayyabu ya kalli titi.

"Na sani, Malam. Inna ta faɗa tun a lokacin. 'Yar wanzamai ce."

"To me ya hana ta zuwa ta gaya mini?"

"Ta zo. Kun ce ta koma gida, ba ta yi boko ba."

Malam ya lalubi ranar a ransa, bai same ta ba.

"Na yafe," in ji Ɗayyabu. "Ku sauka a hankali, ƙarfen nan yana kama riga."