Sawun Tarakta a Tashar Dayi

Ruwa ya ɗauke a tashar Dayi. Kowa na tsallake taɓo yana tsaki, ban da wani dogon mutum da ya tsuguna a bakin hanya. Rigarsa ta koɗe, amma ga allurai soke a wuyanta, kowace da jelar zare mai launi. Hular kansa ba ta da ado ko kaɗan. Haka masu ɗinkin hula suke, mai kyan tana kan wani.

Sawun tarakta yake kallo, irin sababbin nan da ake kawowa daga Funtuwa. Tayar ta bar zane a laka, layi-layi suna haɗa baki kamar kitso. Yana bin zanen da yatsa, yana kwafa da fensir a farin ƙyallen da ya shimfiɗa a gwiwa. Wani mai jaki ya doso wurin, ya yi maza ya ɗaga hannu: "Don Allah, ɗan'uwa, bi ta can."

Wata tsohuwa mai dafaffiyar masara ta leƙo. "Malam Maitama, me ka yar?"

"Ba komai, Gwaggo. Samari sun gaji da zanen da na gada, ciniki ya ja baya. Wannan kuwa ba wanda ya taɓa sawa."

Ina jin har yau da fartanya yake nome gonarsa. Amma kafin Sallah, ina sa ran ganin sawun taraktar nan a kawunan manoman da ba ta taɓa shiga gonarsu ba.