Fuskar Sidi da Dabinonsa

Wata Juma'a ce a tsakiyar zafin shekarar 1999, ina ɗan shekara takwas, aka tsayar da ni a bayan gidanmu na unguwar Jurf a Madina riƙe da babban tiren da muke cin shinkafa. Rana tana tsakiyar ka, irin ranar Madina da in ka fasa ƙwai a kan takalminka gishiri kawai zai rage maka nema. A gabana Sidi ne, haka muke kiran kakanmu, tsaye a gindin dabinonsa cikin farar jallabiya da farin mayafin kai, hannu ɗaya a ƙugu, dawowarsa ke nan daga masallaci. Baffa Usman, ƙanen babanmu da ke aiki a matatar mai ta Yanbu, ya durƙusa da kyamara a ido, gumi na ɗiga daga gemunsa. Aikina shi ne in karkata tiren ya ɗebo hasken rana ya watsa a fuskar Sidi. Ni kuwa sai na watsa shi a idon kyanwar maƙwabta, ta yi tsalle ta faɗa cikin kwandon dabino. "Ya walad, kai yaro, fuskata aka ce maka, ba ta mage ba!" in ji Sidi, ba tare da ya motsa wuyansa ba.

Sidi ya baro ƙauyensu kusa da Maraɗi tun yana saurayi, ya zo aikin hajji ya zauna. Ya bar ƙanensa, Kaka Hassan, kuma tun ranar ba su sake haɗuwa ba. Burinsa guda ne: ƙanen ya ga fuskarsa da dabinon da ya dasa da hannunsa a hoto ɗaya. "In ya ga fuska babu dabino, zai ce zaman banza na yi," yakan ce. "In ya ga dabino babu fuska, zai ce na wani ne." Matsalar ita ce Sidi baƙi ne wuluk, kayansa farare tas, kuma ba ya yarda a ɗauke shi sai bayan sallar Juma'a, lokacin da yake cikin kayansa na kirki, a watannin da dabino ya nuna. Baffa ya yi bayani har muryarsa ta dushe cewa fim ba ya iya riƙe haske mai tsanani da duhu a lokaci guda, dole ya zaɓi ɗaya, a bari sai la'asar. Sidi ya ce da la'asar mutum ya riga ya yamutse.

Don haka kowace shekara sai mu ƙarar da fim guda a kansa, a kai shagon wankin hoto, mu yi kwanaki muna jira. Ranar da aka karɓo ambulan, duk gidan ke taruwa. A rabin hotunan dabino ya fito gwanin sha'awa, kowane gungu ja, amma a ƙarƙashinsa jallabiya ce tsaye da rami a inda kai ya kamata ya kasance. A sauran rabin fuskar ta fito, amma itatuwan sun narke, sai ka ce Sidi yana wanka a cikin madara. Sai ya jima yana juya su, ya zaɓi mai dabino, a naɗe shi tare da kwalin busasshen dabino. Lokacin hajji mu tafi Bi'ir Ali, wurin ɗaura harami a bakin Madina, mu bi tsakanin manyan motoci cikin hayaƙi, muna tambayar alhazai masu harami ko akwai ɗan wajen Maraɗi. Shekara na zagayowa wani alhajin ya kawo kaset. Bayan doguwar gaisuwa muryar Kaka Hassan ta ce, "Mun ga dabino, masha Allah. Mun ga riga." Ni nakan yi dariya har in faɗi. Sidi ba ya yi.

Haka muka yi ta yi har na gaji. Ina girma tiren yana ƙara nauyi, ban san yadda aka yi ba. Abokaina suna ƙwallo a inuwar layi da takalma a matsayin raga, ni ina tsaye ina gasuwa kamar kazar shago. Bayan hoto kuma ga tsintar dabinon da ya zubo, ga buɗe wa itatuwa ruwa. Baffa ma ya fara ƙirƙiro aikin gaggawa a Yanbu duk lokacin da dabino ya soma ja.

Bara Baffa ya sayi kyamarar zamani wadda ba ta cin fim, ni kuma na koyi wata dabara a kwamfuta da ake kira HDR. A kafa kyamara wuri ɗaya a ɗauki hoto uku a jere, ɗaya mai duhu don riga da sama, ɗaya matsakaici, ɗaya mai haske don fuska, sai kwamfuta ta haɗe su. Sharaɗin kawai kada abin da ake ɗauka ya motsa. Amma a lokacin kan Sidi ya fara rawa saboda tsufa. Gwajin farko ya fito da kai uku da idanu shida, ƙannena mata suka yi mako suna tsorata juna da shi. A ƙarshe muka zaunar da shi a kujera, ya jingina ƙeya da jikin dabino, ya riƙe numfashi. Komai ya fito. Kowane ɗan dabino, kowane zare na mayafin, shuɗin sama, da duk wata tamoji da ke fuskarsa, har waɗanda ban taɓa lura da su ba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To, halas, shi ke nan. Yau dai na fito."

Aka wanke hoton aka aika. Wannan karon ba kaset aka aiko ba, jikan Kaka Hassan ya sayi waya, ya kira mu. Muka buɗe murya kowa ya ji. "Yaya, wane tsoho ne kuka aiko mini?" in ji Kaka Hassan. Ya ce sabon hoton yana cikin akwati, na bango kuwa tsohon ne, mai baƙin nan. "A can nake gane ka. Tsayuwar Baba ce, hannu a ƙugu. Fuskar kuwa ina da ita tun ranar da ka tafi, ita nake sakawa a wurin." Sai Sidi ya fashe da dariya har tari ya kama shi, aka kawo masa ruwa.

Bana dabino ya nuna, Juma'a ta zo, Sidi ya dawo daga masallaci ya wuce ɗakinsa ya kwanta, bai kira kowa ba. Tiren ya koma aikin shinkafa. Yanzu ina iya ɗaukar hoto ɗari kafin shayi ya huce, kowanne tar, babu jira, babu ambulan, babu wanda ke taruwa don ya gani. Na ɗauka zan yi murna. Amma duk Juma'a da azahar sai in sami kaina a bayan gida, hannuna babu komai, ina kallon gindin itacen. Ashe duk shekarun nan hoton yana isa, mu ne ba mu sani ba.