Ƙofar da Aka Rufe a Kan Ɗanjuma

A gidanmu na Kaura Namoda, lokacin sanyi in an idar da isha'i, Kaka takan hura wuta da karan dawa, mu zagaye ta. Labaranta duk na dariya ne, ban da guda ɗaya.

"Wanga ba tatsuniya ba ce," takan ce. "Ku natsu."

Labarin wani Bature ne, babban kwamandan jiragen yaƙin ruwa na Ingila. Tun yana ƙarami aka sa shi aikin jirgi, ya yi ta hawa har rundunar jirage ta dawo hannunsa. A can ƙasan jirginsa kuwa, inda ake zuba kwal a wutar injin, akwai yayan Kaka, Ɗanjuma, wanda aka ɗauka a jirgin ƙasa daga garinmu zuwa Ikko lokacin yaƙin Turawa.

Wata rana abokan gaba suka fasa gefen jirgin, ruwa ya fara kwarara ɗakin wuta. Kwamandan ya ce a datse ƙofar ƙarfe kada jirgi ya nutse. Aka datse, su Ɗanjuma na ciki suna bugu. Wani mutumin Moriki da ya riga ya fito shi ne ya dawo gida da labarin, har da sunan jirgin.

"Jirgi ya tsira," in ji Kaka, tana tsokanar wuta da ƙarfi. "Sarkinsu ya rataya mishi lambar girma. Mu ko takarda ba a aiko muna ba. Innarmu har ta mutu, in ta ji kukan jirgin ƙasa sai ta leƙa waje."

Na taɓa ce mata, "Kaka, ai da bai rufe ba, da duk sun hallaka."

Ta daɗe tana kallona. "Ban ce kar shi rufe ba. Shi tambayi sunan wanda ya rufe ciki, shi ma wuya gare shi?"

Bayan rasuwarta, ina karatu a kwaleji, na tarar da tarihin kwamandan a laburare. An rubuta makarantarsa, matarsa, har sunan karensa. Ranar ƙofar kuwa layi ɗaya ta samu: an rasa wasu baƙaƙen fata masu zuba kwal. A nan na fahimci fushin Kaka, ya kuma zama nawa.

Na ɗauki biro na rubuta a gefen layin: Ɗanjuma, mutumin Kaura Namoda. Mai kula da laburare ya ce na ɓata littafi.

Na ce, "Malam, gyara na yi."