Daminar da Bajamushe Ya Karɓi Gonar Baffa

A shekarun da aka kawo aikin bunƙasa noma yankinmu, ina malamin gona a Funtua. Garin ya cika da Turawa, wasu na gwajin taki, wasu na haƙa dam, wasu na fitar da hanyoyin ƙauye. A cikinsu akwai wata Bajamushiya mai nazarin ƙasa, mace mai ƙwazo wadda ba ta ƙyamar shiga laka har gwiwa. Da mijinta ta zo. Shi ba ma'aikacinmu ba ne, kuma ba mu taɓa ganin ya yi wani abu da za a kira aiki ba. Dogo ne, siriri, kullum cikin riga da wando masu launin toka, ga taba a baki. Da muka tambaya aka ce mana mai zane ne, wai har ana ambatonsa a ƙasarsu.

Albarkacin matarsa aka ba shi wani tsohon sito na auduga a bayan tashar jirgi. Tun da ina jin Turanci, shugabanmu na ofis ya ce in riƙa leƙa shi ina yi masa tafinta idan yana da buƙata. Ranar da na fara shiga siton na tarar da manyan ƙyallaye an ɗame su a jikin katako, an jingina da bango. Ɗaya an shafe shi da launin toka gaba ɗaya, sai wani siririn layi baƙi a can ƙasa. Wani fari ne fat. Wani kuma fari ne da ɗan murabba'i a tsakiya, shi ma fari, sai ka karkata kai kafin ka gan shi. Na ɗauka shafen farko ya yi musu, irin wanda masu fenti ke yi wa bango. Cikin ladabi na ce, "Yaushe za ka fara zanen?"

Ya zare tabar daga bakinsa ya ce, "Malam, waɗannan ai an gama su."

Na sake dubawa ko akwai abin da ya wuce ni. Babu. Ya nuna mini mai layin nan ya ce ya kusa wata guda yana tunanin inda layin zai zauna. A raina na ce mu a nan wanda ya yi wata yana tunanin layi ɗaya, 'yan'uwansa magani suke nemar masa.

A hankali na san tarihinsa, don ba ya gajiya da ba da shi. An haife shi a wani gari da bama-bamai suka rusa lokacin yaƙin duniya na biyu, ya tashi yana wasa a cikin ɓaraguzai. Ya yi makarantar zane, kuma ya ce da farko yakan zana mutane da gidaje da itatuwa kamar kowa. Daga baya ya ga duniya ta cika da tarkace, sai ya shiga cire abubuwa daga zanensa. Ya cire mutane, ya cire itatuwa, ya cire launi, har ya kai inda na same shi. Na tausaya masa kan batun yaƙin. Amma na san tsofaffi a garinmu da suka je wancan yaƙin suka dawo, kuma ba wanda ya mayar da zaman banza sana'a saboda shi.

Da abin ya tsaya a cikin sito da ban damu ba. Bayarabiyar da ke sayar masa da farin fenti a bakin kasuwa ma har addu'a take yi kada ya warke. To amma wata rana gab da faɗuwar damina ya ce in raka shi yawo, muka ɗauki hanyar Bakori a motar matarsa. Muka tsaya a ƙauyenmu, ya hau wani dutse da ke bayan gari, ya daɗe yana kallon gonaki. Da ya sauko idonsa na ƙyalli. Ya nuna wata gona a gindin dutsen ya tambayi mai ita. Ta baffana ce, ƙanen mahaifina, kuma ita ce mafi kyau a cikin gonakinsa. Masara yake zubawa a ciki, ya bi da wake.

Abin da Bajamushen yake so shi ne a ba shi tsakiyar gonar damina guda. Ba zai shuka komai ba. So yake a baje kunyoyin, a share wurin tas, ya zama fili mai kusurwa huɗu na jar ƙasa tsirara, gonakin da ke kewaye su yi kore su bar shi a tsakiya. Wannan, in ji shi, shi ne zane mafi girma da zai yi a rayuwarsa.

Na fassara wa Baffa, sannan na ƙara da nawa. Na ce, "Baffa, kada ka yarda. Wurin nan gangare ne. In aka baje kunya aka hana ciyawa fitowa, ruwa zai kwashe ƙasar."

Baffa ya tambayi abin da Baturen zai bayar, ya ji ya fi abin da masarar za ta kawo. Ya ce, "Ɗana, ni ban taɓa ganin wanda zai biya ni don in huta ba. In kallon ƙasa yake so, ya yi ta kallo."

Abu ɗaya kawai Baffa ya ƙi. Akwai ɗorawa a gefen filin, Bajamushen ya ce tana ɓata masa tsari, a sare ta. Baffa ya ce ko da wasa. Dole ya matsar da turakunsa da igiyoyinsa gaba kaɗan, yana ta gunaguni.

Ruwa ya sauka, kowa ya yi shuka, shi kuma ya shiga yaƙi da ciyawa. Ya ɗauki 'yan ƙodago, ƙarti majiya ƙarfi da ya kamata a ce suna noman farko a gonakinsu, ya sa su tsugunne suna tsinke ciyawa da yatsu. Ya hana a sa fartanya, wai tana barin tabo. In sun gama sai su fito da baya da baya suna share sawunsu da tsintsiya. Masu wucewa zuwa kasuwar Bakori sukan tsaya da kekunansu su yi ta dariya. Ba a jima ba wurin ya yi suna, kowa na ce masa gonar babu. Shi kuwa yana bisa dutse da laima, yana ɗaga hannu a gyara nan, a gyara can. Kunya ta riƙa kama ni, don duk wanda ya gan ni sai ya tambaye ni lafiyar Baturena.

Da damina ta yi tsakiya aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, kwana da kwanaki. Abin da na faɗa ya faru. Ruwa ya gangaro daga dutse bai sami abin da zai tare shi ba, ya kwashe ƙasar sama ya zuba a gonar maƙwabci, ya binne masa gyaɗa, ya kuma tsaga kwari a tsakiyar filin. Baffa ya tsaya a bakin kwarin yana ta salati. Bajamushen ma ransa ya ɓaci ƙwarai, amma kukansa daban: ruwa ya karya masa layin gefen gabas. Ya sa aka yi ta ɗebo jar ƙasa daga rafi a kan jakuna ana cike kwarin ana daddaɓewa, ba don gonar ba, don kada a ga tsagar daga sama.

Ana cikin wannan aikin matarsa ta zo. Ta durƙusa ta damƙi ƙasar ta murza, ta miƙe ta yi masa magana da yarensu. Ban ji ko kalma ba, amma na ga kunnuwansa sun yi ja. Ta shiga mota ta tafi ta bar shi, sai a bayan babur ɗina ya koma Funtua.

Lokacin da masarar kewaye ta yi bunni, ya hau dutsen da kyamara ya ɗauki hotuna. Ya sauko ya ce an gama. Baffa ya ce in tambaye shi, tun da an gama, mene ne amfanin abin.

Bajamushen ya ce, "Gaya masa ba shi da amfani. Wannan shi ne kyansa. Na ba ƙasar dama ta zama ita kanta, ba tare da an nemi komai daga gare ta ba."

Na fassara daidai yadda ya faɗa. Baffa ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Tambaye shi me ya ci da safe." Ban fassara wannan ba.

Bajamushen bai sake taka ƙauyen ba. Maƙwabcin da gyaɗarsa ta lalace ya kai ƙarar Baffa wurin mai unguwa, ba ta Baturen ba, kuma gaisuwa ta yanke tsakanin gidajen biyu har tsawon lokaci. Da aikin matar ya ƙare suka tattara suka koma ƙasarsu. Baffa ya yi shekara da shekaru yana zuba takin gida a wurin, yana roƙon Fulani su kwantar da shanu da rani, amma dawar da ke fitowa a nan ba ta wuce ƙugu. Har ya rasu tsakiyar gonar ba ta dawo daidai ba.

Can cikin shekarun tamanin matar ta dawo ita kaɗai, ta zo wani gajeren aiki a Malumfashi, ta nemo ni. Ta ce sun rabu tuntuni. Shi kuwa ya zama babban mutum, ana gayyatarsa jami'o'i, masu kuɗi na rububin fararen ƙyallayensa. Ta ba ni wani littafi mai kauri na ayyukansa. Ga gonar Baffa ta cinye shafi biyu, ja a tsakiyar kore, gefunanta a miƙe sambal. A ƙasan hoton an rubuta sunansa da shekara, sai kalma ɗaya: Afirka. Ta fassara mini bayanin da wani masani ya yi a gaba, inda yake cewa mai zanen ya tarar da wurin fayau, babu kowa, ya saurari shirunsa.

Na kai wa 'ya'yan Baffa littafin. Suka karɓa suka jujjuya, babbansu ya tambaya ko akwai hoton mahaifinsu a ciki. Na ce babu. Ya miƙo mini abina, ya ce in ina da hanya a ofis in taimaka musu da buhun taki kafin a yi noman maimai.